Yadda za ku bi sawun abinci da zafin rana a gonar bayan gida

Ku 'yan ƙaramar sakandare, ga aikin da nake so ku yi kafin damina ta ɗauke. Ba sai da ɗakin gwaje-gwaje ba. Ku tanadi farar leda, da zare, da fartanya, da sanda doguwa, da biro biyu, ja da shuɗi. Abubuwa biyu za ku bi sawunsu. Kayan da ake gina jikin halitta da su, wato ruwa da kabon da naitirojin, zagaye suke yi su dawo. Makamashi kuwa, ƙarfin nan da ke zuwa daga rana, hanya ɗaya yake bi, in ya wuce ya wuce ke nan.

Ku fara da mai sauƙi. Da hantsi ku rufe reshen darbejiya mai ganye da leda, ku ɗaure bakinta. Kafin la'asar za ku ga ɗigon ruwa a ciki. Saiwa ce ta zuƙo shi daga ƙasa, ganye ya sake shi sama, kuma irinsa ne ke taruwa ya zama gajimare. Ku kwance ledar a ranar, kada ganyen ya dahu.

To, ga tambaya: ƙwayar gero ɗaya ta zama kara wanda ya fi ku tsawo, daga ina nauyin ya fito? Yawancin ɗalibaina "daga ƙasa" suke cewa. Wani masani ɗan Brussels, Jan van Helmont, ya gwada wannan a ƙarni na 17. Ya dasa bishiya mai nauyin kilo biyu da ɗoriya a tukunya, ruwa kawai yake ba ta har shekara biyar. Da ya auna, bishiyar ta kai wajen kilo 77, ƙasar tukunyar kuwa ko giram 60 ba ta rasa ba. Shi ya ɗauka ruwa ne kaɗai ya yi aikin. Yanzu an san ganye na ɗaukar iskar kabon dayoksaid, ya haɗa ta da ruwa da taimakon hasken rana, ya yi sukari, ya saki oksijin. Busasshen karan da ake danga da shi, mafi yawansa daga iska ya zo.

Sai ku nemi izinin mai gona ku tono gindin wake ɗaya wanda ya fara fure. A hankali, kada ku fizge. Ku wanke saiwar, za ku ga 'yan ƙulle-ƙulle manne da ita. Ku fasa ɗaya da farce: in cikinsa ja-ja ne, bakteriyar da ke zaune a ciki na kan aiki. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma shuka ba ta iya cin sa haka nan sai waɗannan ƙananan halittu sun sarrafa mata shi. Iyayenmu da ke haɗa gero da wake a gona ɗaya, ko suke barin gawo tsaye a tsakiyar gona, amfanin wannan suke ci.

Babban aikin shi ne tsibin taki, kuma nan nake so ku fi ba da ƙarfi. A inuwa, ku shimfiɗa yankakken kara, ku zuba ɗanyen ganye da ciyawa a kai, sai kashin awaki ko na shanu, sai ɗan barbaɗen ƙasa. Ku yi ta maimaitawa har tsibin ya kai mita ɗaya a tsawo da faɗi. Ƙarami ba ya riƙe zafi, shi ya sa kada ku yi rowar kaya. Ku yayyafa ruwa ya jiƙu kamar tsumman da aka matse, ba ya ɗiga, ba ya bushe ba. Leda da batir da fasasshiyar kwalba ba su da wuri a nan. Ku soka sandar ta tsakiya har ƙasa, ku yi mata alama daidai tsawon tsibin.

Bayan 'yan kwanaki ku zare sandar ku taɓa. Za ku ji ta da zafi, domin tsakiyar tsibi mai kyau na iya kaiwa digiri 60 a ma'aunin Salsiyas, alhali ba wanda ya hura wuta. Bakteriya da funfuna ne ke cin ganyen suna numfashi, kamar yadda ku ma kuke yi. Zafin nan makamashin rana ne da ganye ya adana a cikin sukari, ga shi yana fita, kuma ba wata shuka da za ta iya kama shi ta sake yin abinci da shi. Ku riƙa juya tsibin da fartanya duk mako biyu, kuna lura da kunama da maciji, kuna wanke hannu da sabulu. Ku rubuta duk wanda kuka tarar a ciki: tana, gara, buzuzu, naman kaza. Cikin wata biyu zuwa uku zai zama baƙar ƙasa mai laushi. Ku duba alamar sanda, za ku ga ya zauna sosai. Abin da tsibin ya rasa bai ɓata ba, ya koma iska ne a matsayin kabon dayoksaid da tururi, inda ganyen baɗi zai sake samunsa.

Shi ya sa ba na son ganin ana banka wa karan gona wuta. Makamashin ya tafi a lokaci guda, kabon da mafi yawan naitirojin su bi hayaƙi, gona ta tashi da toka kawai.

Yanzu ku tsaya a bakin gona ku yi ƙidaya. Shukar gero ba ta ƙirguwa, fara da ɗan dama, ƙadangaru 'yan kaɗan, shirwa ƙila ɗaya ce ke shawagi. A 1942 wani Ba'amurke, Raymond Lindeman, ya wallafa binciken da ya yi a wani tafki a jihar Minnesota, kuma daga aikinsa aka samo ƙiyasin da ake koyarwa: kusan kashi 10 cikin 100 na makamashi ne ke hayewa daga mataki zuwa na gaba. In gero ya adana awo 1,000, fara ta samu 100, ƙadangare 10, shirwa 1. Saura ya tafi wajen tsalle da gudu da numfashi ya zama zafi, wani kuma ya faɗi ƙasa a matsayin kashi da mataccen ganye, rabon gara. Ƙiyasi ne, a wani wuri ya fi haka, a wani bai kai ba.

Ku zana duk abin da kuka gani a takarda ɗaya. Shuɗin biro na ruwa da kabon da naitirojin ne, kuma dole kibiyoyinsa su haɗu su rufe da'ira. Ja na makamashi ne: daga rana ya fara, a kowane mataki kuma ku fitar da kibiya ɗaya waje ku rubuta "zafi". Duk wanda jan kibiyarsa ta koma rana, sake zane zai yi.

Akwai kibiya ɗaya da kusan kowa ke mantawa. Buhun geron da aka loda zuwa kasuwar Dawanau ya tafi da naitirojin ɗin gonar, haka harawar da aka sayar. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna ɗauko taki daga birni a kan jakuna, wasu kuma su bar makiyaya su kwana da shanu a gona bayan girbi. Ku tambayi mai gonar da kuka yi aiki a cikinta ta wace hanya yake mayar da abin da ya fita, ku zana amsarsa da shuɗin biro.