Yadda ake duba sake cajin zuciya a takardar ECG ga mai toshewar jijiya

Duk bugun da zuciya ta yi sai ta sake caji kafin ta yi na gaba, kuma wannan cajin shi muke gani a takardar ECG, wato zanen wutar zuciya da na'ura ke fitarwa, a layin ST da tudun T da ke biyo bayan kowane bugu. Idan jijiyoyin da ke kai wa tsokar zuciya jini suka fara toshewa, to nan ne asiri yake fara tonuwa, shi ya sa nake so ma'aikatan lafiya, musamman ɗalibai, su iya dubawa da idonsu ba wai a karanta abin da na'ura ta buga a saman takarda a ajiye ba.

Da farko ka tabbatar takardar tana gudu milimita 25 a sakan, a haka kowane ƙaramin gida na takardar sakan 0.04 ne, wato milisakan 40.

Sai ka nemo inda QRS, wato zanen nan mai tsini na bugun kansa, ya ƙare, wurin da ake kira J, daga nan ake auna ST. In ST ya tashi milimita 1 a lid biyu maƙwabta (lid shi ne kowane ɓangaren da na'ura ke kallon zuciya ta shi; lid V2 da V3 na ƙirji sun fi buƙatar tsayi, 2 ga namiji mai shekara 40 zuwa sama, 2.5 ga wanda bai kai ba, 1.5 ga mace) kuma ga ciwon ƙirji, ba zama, a kira likita yanzu yanzu. In kuwa sauka ya yi ko da rabin milimita ne, a miƙe ko yana gangarawa, alamar jini bai isar tsokar ba ce.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne T. Mutum zai zo ya ce ciwon ya tafi, yana ta hira, tirofonin ɗinsa, gwajin jinin da ke nuna raunin tsokar zuciya, lafiya ko ya ɗan motsa kaɗan, sai ka ga T a V2 da V3 ya kife ƙasa da zurfi, ko ya hau sannan ya nutse. Wannan ita ce alamar Wellens da aka bayyana a 1982, tana nuna babbar jijiyar gaba ta hagu ta kusa rufewa. Don Allah kar a sallame shi, kar kuma a hau da shi injin gudu don gwaji, hoton jijiya yake buƙata.

Sai QT. Ka auna daga farkon QRS zuwa ƙarshen T a lid II ko V5, kar ka haɗa da ɗan tudun U da kan biyo bayan T. Ka ƙirga gidajen, misali gida 11 sau 40 ya ba ka milisakan 440, sannan ka gyara shi da saurin bugu. Lissafin Bazett shi aka fi sani amma in zuciya na gudu sosai yana ƙara gishiri, na Fridericia ya fi a irin wannan yanayi. Sama da 450 ga namiji ko 460 ga mace ya yi tsawo, in ya haura 500 kuwa haɗarin mugun rikicewar bugu ya ƙaru sosai.

Kafin ka ɗora wa jijiya laifi, tambayi magungunan da mai ciwon yake sha, amiyodaron da halofiridol suna ja QT, dijokzin na lanƙwasa ST, ƙarancin fotashiyam ma na sauya T. In yana da tsohuwar takarda ka ajiye su gefe da gefe. In takardar farko da ka ɗauka ba ta nuna komai ba amma ciwon na nan, ka maimaita bayan minti 15 zuwa 30.