Yadda Za Ka Ci Abinci a Waje Alhali Likita Ya Ɗora Ka a Kan Tsarin Ƙaurace wa Wasu Abinci

Idan mutum yana fama da kumburin ciki, gudawa, ƙaiƙayi ko borin jini da aka kasa gano musabbabinsa, likita ko masanin abinci kan umarce shi da ya ƙaurace wa wasu nau'o'in abinci ɗungurungum na tsawon mako 2 zuwa 6, sannan a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya domin a gane wanda jikinsa ba ya jituwa da shi. Waɗanda aka fi cirewa su ne madara, alkama, ƙwai, waken suya, gyaɗa da danginta, da kifi da sauran naman ruwa. Tun da gwaji ne ake yi, cokali guda na abin da aka hana yana iya rikita sakamakon makonni, kuma a gidan abinci ne aka fi yin wannan tuntuɓe, saboda ba kai ne ka ɗora tukunyar ba.

Kafin ka fita, ka tabbatar wa kanka wane irin mara lafiya ne kai. Wanda cikinsa ke kumbura idan ya sha nono zai wahala kwana ɗaya ko biyu ya warware, amma wanda gyaɗa ko kifi ke kumbura wa leɓe da maƙogwaro har numfashi ya sarƙe, rayuwarsa ce a kan siraɗi. Irin wannan bai kamata ya ci a inda ba zai iya ganin mai girki ido da ido ba, kuma idan likita ya rubuta masa allurar adiranalin, wato allurar gaggawa da ake yi idan borin jini ya yi tsanani, to kada ya bar ta a gida ko a mota. Ga kowa kuma, makonni biyun farko sun fi dacewa da girkin gida, a bar cin waje sai tafiya ko aiki ya tilasta.

Wurin da za ka zaɓa ya fi abin da za ka oda muhimmanci. Ƙaramin gidan abinci da mai shi ce ke tsaye a kan tukunya ya fi babban wuri mai jerin abinci shafi huɗu, domin ita ta san abin da ta zuba, shi kuwa yaron da ke kai faranti a babban wuri sau da yawa bai taɓa leƙa cikin tukunyar ba. Ka je kafin cunkoson azahar, wajen ƙarfe sha ɗaya, ko bayan la'asar, lokacin da za a saurare ka. Wuraren da ake jera abinci kowa ya ɗiba da kansa ka kauce musu, saboda ludayi ɗaya yana yawo daga wannan miya zuwa waccan.

Sai yadda za ka yi tambaya, kuma a nan mutane da yawa ke faɗuwa. Idan ka ce, "Akwai gyaɗa a ciki?" amsar da za ka samu ita ce "Babu," ko kuma "Ɗan kaɗan ne, ba zai yi maka komai ba," ba don ana son cutar da kai ba, sai don mai sayarwa ba ya son ciniki ya wuce shi, kuma a tunaninsa ƙuli-ƙuli da man ƙuli ba su cikin lissafin gyaɗa. Abin da ya fi shi ne ka gaisa tukuna, sannan ka ce, "Hajiya, don Allah likita ne ya hana ni wasu abubuwa. Me da me kika saka a miyar nan?" Ka bar ta ta lissafa da bakinta, sannan ka bi da tambaya a kan abubuwa uku da ba a cika ambata ba: wane mai aka yi amfani da shi, wane ɗanɗano aka jefa, kuma da me aka kaɗa ko aka ɗaure. Ambaton likita yana da amfani ƙwarai, domin yana raba ka da mai tsirfa a idon mai abinci. Idan jerin abubuwan da aka hana ka yana da tsawo, ka rubuta su a ƴar takarda ka miƙa a kai wa kuku.

Wajibi ne ka san inda abubuwan nan ke ɓuya a cimarmu, domin abin da ido ke gani a faranti ba shi ne matsalar ba. Gyaɗa tana cikin yajin tsire a matsayin garin ƙuli-ƙuli, tana cikin labun da ake tsoma kilishi, tana cikin miyar taushe da yawancin kwaɗon zogale da na rama. Alkama ba ta tsaya ga burodi da taliya da funkaso da alkubus ba: tuwon semo alkama ne, ɗanwake a yau galibi da fulawa ake haɗa shi, wasu masu waina suna ƙara fulawa ko nono a ƙullu don ta yi taushi, kuma akwai masu ɗaure tuwon shinkafa da garin semo idan ya yi ruwa. Waken suya shi ne awara, amma ana yin daddawa da shi ma a madadin kalwa, kuma yana cikin wasu nau'o'in dunƙulen ɗanɗano, waɗanda wasunsu ke ɗauke da alkama da garin albasa. Miyar agushi da ta ganye a gidajen abincin ƴan kudu kusan ba a raba su da dakakken ƙananan jatan lande da busasshen kifi. Ƙwai yana cikin mayonis na shawarma da na haɗin kabeji, madara kuma tana cikin bota da ake sa wa soyayyiyar shinkafa.

Batun mai yana buƙatar a tsaya a kansa. Man gyaɗa da aka tace a masana'anta ya rasa mafi yawan sinadarin furotin da ke tayar da borin jini, amma wanda aka matse a gida wajen yin ƙuli-ƙuli yana nan da shi. Ga kuma kaskon suya: mai ƙosai takan soya fanke da doya da dankali a mai ɗaya, mai shayi kuma yana soya ƙwai a kaskon da ya gama dafa indomi. Zafin wuta ba ya kashe abin da ke cikin gyaɗa ko alkama, don haka dankalin da ba shi da laifi a kan kansa yana iya fitowa daga kasko da laifin abin da ya riga shi shiga. Haka abin yake a tukubar mai nama, inda wuƙa ɗaya da katako ɗaya da hannu ɗaya ke yanka tsire da balangu. Ka nemi a gasa maka naka a gefe, a yanka da wuƙar da aka wanke, a bar yaji, ka sa gishiri da barkonon da ka zo da su.

Akwai wani tsari mai tsauri da masana a Jami'ar Monash ta ƙasar Ostireliya suka tsara domin masu fama da ciwon hanji mai yawan murɗa da kumburi, ana kiransa tsarin rage FODMAP, wato wasu nau'o'in sukari da hanji ba ya iya tsotse su sosai, inda ake rage albasa, tafarnuwa, wake, alkama da madara. A ganina shi ne mafi wuyar bi a ƙasar Hausa, domin da wuya a sami jajjagen da babu albasa. Tsince albasar daga miya ba ya wadatarwa, saboda sinadarin da ake gudu yana narkewa a ruwa, ya riga ya bi romon. Mai wannan tsari ya haƙura da miyar gidan abinci baki ɗaya, ya zo da tasa a ƙaramar kula.

Abin da ya fi aminci a oda shi ne wanda za ka iya ƙirga kayan haɗinsa da yatsun hannu ɗaya: farar shinkafa da manja da gishiri, dafaffiyar doya ko dankali, sakwarar da aka daka a turmi, gasasshen nama ko kaza ba tare da yaji ba, kokwamba da tumatir da aka yanka a gabanka. Ka ci wani abu a gida kafin ka fita, domin yunwa ce ke sa mutum ya karɓi "babu komai" ba tare da bincike ba. Idan abokai ne suka gayyace ka, ka sanar da mai gayyatar tun kafin ranar, don kada kara ta sa ka ci abin da aka riga aka biya. Wanda ya yi tafiya zuwa ƙasashen Tarayyar Turai ko Ingila yana da sauƙi, domin tun watan Disamba na 2014 doka ta wajabta wa gidajen abinci bayar da bayani a kan abubuwa 14 da ke haddasa borin jini, ciki har da gyaɗa, riɗi, madara da alkama, kuma kana da haƙƙin neman a nuna maka.

Idan duk da haka ka gano cewa ka ci abin da aka hana, ka rubuta ranar, da abin da ka ci, da wurin, da alamomin da suka biyo baya cikin kwana biyu zuwa uku, ka koma kan tsarinka daga abinci na gaba, sannan ka sanar da likitanka domin shi zai yanke ko a ƙara kwanaki. Lokacin dawo da abincin da aka cire kuma, ba a gidan abinci za ka yi shi ba, kuma abu ɗaya a lokaci ɗaya, da tazarar kwanakin da aka gindaya maka, domin idan cikinka ya murɗa bayan farantin dafa-duka na gidan abinci, babu yadda za a tantance ko ɗanɗano ne, ko albasa, ko bota.