Yadda za ka nuna alwatika biyu sun yi kama, ka fitar da gefen da aka ɓoye

To ku 'yan SS2 da masu shirin WAEC ko NECO, wannan tambayar ta alwatika masu kama da juna makin ɓagas ne amma kullum sai an zubar da shi, kuma lissafin kansa ba wani wuya gare shi ba, wajen haɗa kowane gefe da abokinsa ne ake faɗuwa.

Alwatika biyu sun yi kama idan siffarsu ɗaya ko da ɗaya ta fi girma, kamar hoton fasfo da aka wanko babba, hanci bai canja wuri ba. Kusurwoyinsu daidai suke, gefunansu kuma sun ƙaru da ninki iri ɗaya.

Hanyar da za ka fi amfani da ita ita ce AA, wato ka samo kusurwa biyu a wannan da suka yi daidai da biyu a waccan shikenan ka gama, ta ukun ba sai ka wahalar da kanka ba tunda duka ukun in an haɗa digiri 180 suke bayarwa, dole ita ma ta zo daidai. Akwai SSS, ka raba gefuna uku da abokansu ka ga ko amsa ɗaya suke bayarwa, misali 4, 6, 8 da 6, 9, 12, ka jera su daga ƙarami zuwa babba, 6/4, 9/6, 12/8 duk 1.5 ne. Sai SAS, gefe biyu da suka ƙaru da ninki iri ɗaya da kusurwa ɗaya da ta yi daidai, amma fa sai kusurwar tana tsakanin gefunan biyu, in tana wani lungu daban ba ta yi ba.

Ga wadda aka fi kawowa. Alwatika ABC, an sa D a kan AB, E a kan AC, an ja layin DE yana tafiya faralel da BC, wato ko an tsawaita su ba za su haɗu ba. An ba ka AD = 4, DB = 6, DE = 6, aka ce nemo BC.

Kafin ka taɓa kalkuleta zana alwatikan biyu daban daban a gefen takarda, ƙaramar ADE da babbar ABC, wallahi wannan kaɗai yana rage rabin ruɗanin. Sai ka rubuta hujja da dalilinta: kusurwar A ta su biyun ce, kusurwar ADE daidai take da ABC saboda DE faralel ne da BC kuma AB ya ratsa su, saboda haka ADE ta yi kama da ABC ta hanyar AA. Kar ka ce ai ga shi nan a zane ana gani, mai makin nan dalili yake nema a rubuce, zanen ma sau da yawa ba a kan ma'auni aka yi shi ba.

Yanzu kalli haruffan yadda ka jera su, ADE da ABC, A da A, D da B, E da C. Su za su gaya maka AD/AB = AE/AC = DE/BC. A nan ne yara suke rubuta 4/6 = 6/BC su samu 9 suna murna, alhali DB ba gefen wata alwatika ba ne, guntun layi ne kawai. AB gaba ɗayansa ake so, 4 + 6 = 10. To 4/10 = 6/BC, ninka a gicciye, 4 × BC = 60, BC = 15. Eh AD/DB = AE/EC gaskiya ne, amma wannan ƙa'idar guntayen gefe kawai take haɗawa a wannan siffar, da zarar DE da BC sun shigo sai ka koma cikakken gefe.

In an juya ɗaya alwatikar ta kife ko ta karkace, kar ka bi ido, sa alama a kan kusurwoyin da suka yi daidai, gefen da ke fuskantar alama ɗaya shi ne abokin wancan.

In kuma suka ƙara da tambayar fili, ninkin sau kansa ake yi. A misalinmu 4/10 shi ne 2/5, filin ƙaramar da na babbar zai zama 4 da 25, in ƙaramar filinta 8 ne to babbar 50.