Zama, tsayuwa da kallo: inda aka fi yin kuskure

A ƙofar ajin da ake jarrabawar baka, ko a layin masu jiran ganawa da mai ba da aiki, mutum iri biyu za ka gani. Ga wanda ya lanƙwashe a kan benci, kafaɗu sun faɗo, ido a kan salula. Ga kuma wanda ya kalli wani bidiyo a intanet, ya ware ƙafafu, ya riƙe ƙugu, yana jiran ƙwarin gwiwa ya sauko masa. Duka biyun sun kuskure, amma na farkon ya fi cutuwa.

Mai riƙe ƙugu yana da inda ya samo abinsa. A 2010 wasu masana a Amurka, Dana Carney da Amy Cuddy da Andy Yap, sun gwada mutum 42, suka ce tsayuwar isa ta minti biyu tana ƙara sinadarin testosteron, tana kuma rage kotisol, sinadarin da jiki ke saki idan hankali ya tashi. Magana ta zaga duniya. A 2015 Eva Ranehill da abokan aikinta suka sake gwajin da mutum 200. Sinadaran ba su motsa ba, sai dai mutanen sun ce sun ɗan ji ƙarfi a ransu. A 2016 ita kanta Carney ta fito ta ce ba ta yarda da sakamakonsu na farko ba. Wanda ya ji daɗin tsayuwar ya yi abinsa a ɗaki, ba laifi. Amma ya sani ba ta sauya jini, ba ta kuma maye gurbin karatun da bai yi ba.

Da aka tattara gwaje-gwajen wannan fanni aka duba, an ga cewa lanƙwashewa ce ke rage wa mutum kuzari, fiye da yadda buɗe ƙirji ke ƙara masa. A wani gwaji na 2015 a Jami'ar Okland ta Niyu Zilan, an raba mutum 74 gida biyu, wasu a miƙe wasu a lanƙwashe, aka sa su aikin da ke tayar da hankali, har da yin jawabi. Waɗanda suka zauna a miƙe sun fi ganin ƙimar kansu, tsoronsu kuma bai kai na sauran ba. Wani ɓangare na dalilin a fili yake: idan ƙirji ya danne ciki, numfashi ba ya sauka ƙasa, sai ya zama gajere, murya ta fito siririya tana rawa. Kai da kanka ka ji muryar, sai tsoro ya ƙaru.

Wannan zaman kuwa ya zama jiki a Damagaram. Matasa a fada, wato majalisar hirarsu, suna jiran shayi na uku, kowa ya duƙa a kan salula. Tela a Kasuwar Dole ya wuni a kan keke. Ɗan kabu-kabu ya wuni a kan babur, ɗalibin Jami'ar André Salifou kuma a kan takarda. Kan babban mutum ya kai kilo 5, amma wani likitan ƙashin baya, Kenneth Hansraj, ya lissafa a 2014 cewa idan aka sunkuyar da shi sosai, nauyin da wuya ke ɗauka yana kai kilo 27. Gyaran ba wuya: a ɗaga salula zuwa kusa da fuska, tafin ƙafa biyu su taɓa ƙasa, a matsa da zama har ƙarshen kujera, a kuma riƙa tashi ana ɗan takawa. Kada a gyara a wuce gona da iri. Wasu da sun ji an ce a miƙe sai su sandare kamar soja a fareti, su riƙe numfashi, bayan minti biyar su gaji su koma yadda suke. A saki kafaɗu, a ja numfashi har ciki ya taso, a fitar a hankali.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na kallo. Shawarar da ke yawo a intanet ita ce ka kalli mutum cikin ido, in ba haka ba a ɗauke ka matsoraci ko maƙaryaci. Inda aka rubuta ta, ta yi daidai. Amma saurayin da ya je gaida surukansa a Birni ya tsura wa Baba ido, rashin kunya za a kira shi. A fadar Sarkin Damagaram takalmi ake cirewa, a durƙusa, a yi gaisuwa, kuma manyan mutane masu faɗa a ji ne ke yin haka ba tare da girmansu ya ragu ba. Sunkuyar da kai na ladabi daban, na tsoro daban, kuma a murya ake rarrabe su. Mai ladabi ya sauke ido, amma bayansa a miƙe, hannunsa a natse, idan ya ce "Baba, barka da hutawa" kowa ya ji. Mai tsoro yana sosa ƙeya, yana wasa da makulli, magana tana mutuwa a maƙogwaro har a ce masa ya sake faɗa.

Matsalar tana zuwa ne idan aka ɗauki ladabin zaure aka kai shi gaban masu jarrabawa ko ofis. Yarinyar da aka horar da sunkuyar da kai, sai Mushe, wato malamin makaranta, ya yi mata tambaya ta amsa wa ƙasa, alhali ta san amsar. A irin wannan wuri a ɗaga kai, a kalli fuskar mai tambaya lokacin da ake fara amsa, a ɗan kau da ido, a sake dawowa. Masu sauraro su ma su daina yanke hukunci da gaggawa. Bincike bai nuna cewa kau da ido alamar ƙarya ce ba, kuma wanda ya naɗe hannu a ƙirji da safiyar Janairu a Damagaram, sanyin hunturu ne ya dame shi.

Sai batun da masu horar da jama'a ke yawan maimaitawa, wai kalmomi kashi 7 cikin 100 ne kawai na saƙo, sauran murya ce da fuska. Alƙaluman na wani masani ne mai suna Albert Mehrabian, daga gwaje-gwajen 1967, kuma kan abu ɗaya ya yi su: yadda ake gane so ko ƙi idan kalma da murya suka saɓa. Ba su shafi ciniki ko darasi ba. Murmushi ma haka: gwajin 2022 a ƙasashe 19 ya nuna yana ɗan ɗaga farin ciki, amma kaɗan ne.

Kuskure na ƙarshe ya fi sauran haɗari: ce wa mai baƙin ciki mai nauyi ya miƙe ya saki fuska kawai. Sau da yawa ciwon ne ya lanƙwasa shi. Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye ransa a ɓace, barci da cin abinci sun rikice, ya daina zuwa fada ko biki, abin da ya saba jin daɗinsa ya fita daga ransa, a raka shi asibiti ya ga likita.