Kurakuran da muke yi wajen jinyar mai cutar mantuwa

Kuskuren farko tun kafin a gane akwai ciwo ake yin sa. Dattijo ya fara maimaita tambaya ɗaya sau biyar cikin awa guda, ya ɓata a hanyar da ya shekara talatin yana bi, sai a ce gigin tsufa ne, a ƙyale shi. Gaskiya ne tsufa kan sa mutum ya manta inda ya ajiye makulli. Amma wanda ya riƙe makulli a hannu ya rasa me ake yi da shi, wannan ciwo ne a ƙwaƙwalwa. Matar da likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, ya yi bayanin ciwonta a 1906, shekarunta 51 kacal lokacin da aka kwantar da ita a Frankfurt. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari cutar Alzheimer ce. A kai shi likita da wuri, domin ƙarancin bitamin B12, da ciwon damuwa, da illar wasu magunguna duk suna kawo mantuwa irin wannan, kuma su ana warkewa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai, don ni ma na yi shi, shi ne gardama. Wata yamma mahaifina ya sa takalmi, ya ɗauki hularsa, ya ce zai je ya duba mahaifiyarsa. Ta shekara ashirin da rasuwa. Na ce, “Baba, ai ta rasu tuntuni.” Ya tsaya ya dube ni, ya zauna a bakin gado, ya fashe da kuka kamar a ranar aka yi rasuwar. Kuma a wurinsa, a ranar aka yi ta. Bayan rabin awa ya manta abin da na faɗa, amma baƙin cikin bai sake shi ba har dare, abinci ma bai taɓa ba.

Dalili kuwa, ciwon yakan fara cin sashen ƙwaƙwalwa da ke adana sabon abu. Magana ta shige, amma abin da ta bari a zuciya ya daɗe. Daga baya na koyi cewa, “Baba, kewarta kake yi? Ba ni labarinta.” Sai ya cire takalmin da kansa, ya yi ta ba ni labari. Haka in ya ce an sace masa kuɗi, rantsuwa ba ta fid da kai. Ka ce, “Zo mu duba tare,” kuma ka lura da wuraren da ya saba ɓoye kaya.

Kusa da wannan akwai jarrabawar da masu zuwa dubiya ke yi: “Ka gane ni? To, wane ne ni?” Da kyakkyawar niyya ake yi, amma kunya kawai take jefa shi. Ka zo ta gabansa, ka rage tsawo, ka faɗi sunanka da yadda kuke. Tambaya ɗaya a lokaci guda, sannan ka jira amsa. Kada kuma a riƙa zancensa a gabansa kamar ba ya wurin.

Ga wani mai haɗari. Cutar Alzheimer a hankali take tafiya, wata da watanni. In mutum ya rikice dare ɗaya, jiya yana hira yau bai san inda yake ba, kada a ce ciwon ne ya yi gaba. Sau da yawa ciwon mafitsara ne, ko rashin shan ruwa, ko taurin bayan gida, ko wani raɗaɗi da ya kasa faɗa. Ranar ya kamata likita ya gan shi. Masu jinya da yawa maganin barci suke nema don a samu sauƙi, alhali magungunan kwantar da masu taɓin hankali suna ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ga irin waɗannan majinyata. Ko magungunan cutar mantuwa irin su donepezil da memantine da likitoci ke rubutawa, sassauta alamu suke yi na ɗan lokaci, ba sa warkarwa.

Tausayi ma kan kai mu ga kuskure: mu ƙwace masa komai. In yana iya ɓalla maɓallin rigarsa, ko da zai ɗauki minti goma, a bar shi. Abin da aka daina yi, da wuri yake ɓacewa. A gyara masa tabarau, a duba jinsa, don wanda ba ya gani ba ya ji sosai ruɗewarsa ninkuwa take yi.

Sai mai jinyar kansa. Yawanci mutum ɗaya ake bar wa, mace ce galibi, sauran dangi sai waya. Wanda bai yi barci ba kwana uku dole ya yi tsawa, ya koma yana zargin kansa. Ku zauna ku raba kwanaki tun ciwon bai yi nisa ba. Kuma tun Baba yana iya magana, a tambaye shi wa yake so ya riƙe masa kuɗinsa da takardunsa, a rubuta a ajiye.