Yadda za ka gwada sikelin na'urar CMS daga ɗakinka a Birnin Kebbi

Mai sayen shinkafa a Argungu ba ya yarda da sikeli sai ya ɗora masa abin da ya riga ya san nauyinsa. Haka masana CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin da suka fi zarra ƙanƙanta da ke kusa da Janeba, ke yi wa CMS, na'ura mai tan 14,000 da ke auna abin da ya fito daga karon ƙwayoyi a zoben LHC, bututu mai tsawon kilomita 27 inda ake gwara su. Abin da suke ɗorawa shi ne ƙwayar Z, wadda nauyinta ya kai GeV 91.2 (GeV ma'aunin kuzari da nauyin irin waɗannan ƙwayoyi ne). Z ba ta daɗewa take tarwatsewa, wani lokaci zuwa wasu ƙwayoyi biyu masu cajin lantarki da ake kira miyuwon, kuma daga su ake gano nauyinta. Na sa ɗalibaina sun gwada, kuma kwamfutar cinya ta ishe su.

Da farko shiga shafin CERN Open Data, ka sauke fayil ɗin CMS na karon furoton (ƙwayar da ke tsakiyar zarra) da ya haifar da miyuwon biyu. Yi wa kwamfutar caji tukuna, kada wuta ta yanke maka aiki.

Buɗe fayil ɗin a Excel. Kowane layi karo ɗaya ne, ɗauke da kuzarin kowace miyuwon, E, da tunkuɗarta (ƙarfin tafiyarta) ta fuska uku, px, py, pz, da kuma cajinta. Z ba ta da caji, don haka ka watsar da layin da cajin miyuwon biyun ya zo iri ɗaya.

Nan ne aikin yake. Haɗa E biyun ka ninka jimlar da kanta. Yi wa px, py da pz haka, ka cire ukun daga na farko, sannan ka ɗauki saiwar abin da ya rage, wato lambar da idan ka ninka ta da kanta za ta ba da shi. Nauyin uwar da ta haifi miyuwon ke nan. Mafi yawan masu kuskure suna ninkawa ne kafin su haɗa.

Zana ginshiƙai masu nuna yawan karon da ya faɗa a kowane nauyi, daga GeV 60 zuwa 120. Tudu zai taso. Idan ƙololuwarsa na kan 91, sikelin bai yi ƙarya ba.

Sai ka dubi faɗinsa, wanda ni ya fi burge ni. Z tana da nata faɗi na asali, kusan GeV 2.5, abin da ya ƙaru a kai, raunin idon na'urar ne. Raba bayanan gida biyu: miyuwon da suka ratsa tsakiyar CMS, wadda ke da siffar ganga, da waɗanda suka bi ta bakinta kusa da bututun da furoton ke bi. Tudun na biyu zai fi bajewa, domin maganaɗisun CMS mai ƙarfin tesla 3.8 ba ya lanƙwasa hanyarsu sosai a can, awo kuwa daga lanƙwasar ake ɗaukarsa.