Yadda Ake Shirya Gidan Haya Ko Na Sayarwa Da Tabarma, Tulu Da Tsohon Katako A Saudiyya

Duk wanda yake da gida ko sashen bene da yake son bayarwa haya ko sayarwa a Jidda, Makka ko Riyad ya san cewa a yau mai neman gida a waya yake fara ganinsa, a manhajoji irin su Aqar da Haraj, tun kafin ya kira dillali. Wannan ne ya sa masu gidaje suka fara kula da yadda za su shirya ɗakuna kafin a ɗauki hoto ko a kawo mai dubawa. Sai dai da yawa daga cikin 'yan'uwanmu Hausawa mazauna ƙasar nan suna ɗauka cewa shirin ba zai yi kyau ba sai an kashe dubban riyal a kan kujeru masu ruwan zinare, da labule mai nauyi, da fitilar rufi mai walƙiya. A ganina wannan fahimta tana jawo asara ta fuska biyu, domin kuɗi suna tafiya, kuma ɗakin yana ƙara matsewa a idon mai kallo. Abin da mai neman gida yake aunawa shi ne fili, da haske, da tsafta, kuma tabarmar kaba, da tulu, da yadi fari, da katakon da aka goge sun fi iya fito da waɗannan abubuwa uku, muddin an zaɓe su da kyau an kuma ajiye su inda ya dace.

Kafin a taɓa komai, ya kamata mai gida ya daina kiran irin waɗannan kaya da sunan kayan ƙauye, domin ƙasar da muke zaune a cikinta ba haka take kallonsu ba. Unguwar Ɗuraif da ke Dir'iyya kusa da Riyad, wadda da tubalin laka aka gina ta, ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2010. Tsohon garin Jidda, wato Balad, mai gidajen dutsen murjani da tagogin katako da ake kira rawashin, ya bi baya a 2014. Saƙar sadu ta matan ƙauyawa makiyaya ta samu irin wannan karramawa a 2020, sannan Ma'aikatar Al'adu ta ware 2025 a matsayin shekarar sana'o'in hannu. Matashin Balaraben da zai zo duba gidanka yana shan gahawa a wuraren da aka yi wa ado da ganyen dabino da tukwanen ƙasa, saboda haka faifan da kake jin kunyar ratayewa ba baƙon abu ba ne a idonsa.

Mataki na farko shi ne rage kaya, kuma shi ne mafi wuya a wurinmu. Mun taso da al'adar jere, inda ake auna darajar ɗakin amarya da yawan kwanuka da tangaran da aka jera har kusa da rufi, alhali shirin gidan sayarwa akasin wannan yake buƙata. A kwashe hotunan iyali, da takardu, da kwalayen da aka tura saman kabad, da takalman bakin ƙofa, a bar wa kowane ɗaki abin da zai nuna amfaninsa kawai. A tabbata akwai hanyar wucewa mai faɗin santimita 80 zuwa 90 daga ƙofa zuwa taga, domin mutum yakan auna girman ɗaki ne da yadda ya yi tafiya a cikinsa ba tare da ya kauce wa komai ba.

Mataki na biyu shi ne gyaran abin da ya lalace, kuma a nan akwai iyakar da bai halatta a tsallake ba. Ba a shimfiɗa tabarma don a rufe fasasshen tayil, ba a kuma jingina kabad don a ɓoye bangon da ruwa ya jiƙa. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abincin wani ɗan kasuwa ya tarar ƙasan a jiƙe, ya tambaye shi dalilin da ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Idan famfo yana ɗiga a gyara shi, idan kuma gyaran ya fi ƙarfin aljihu a gaya wa mai dubawa. Bayan haka a shafa wa bango fenti mai launin madara ko na yashi, marar sheƙi, domin fenti mai sheƙi yana tona duk wani lotsawa da ke jikin bango. A tsakar gida ko a saman bene ana iya amfani da farar ƙasa, wadda take da araha, take barin bango ya sha iska, take kuma hana fumfuna yaɗuwa, abin da mazauna Jidda suka san darajarsa saboda laimar Bahar Maliya. Amma farar ƙasa ba ta kama bangon da aka riga aka yi wa fentin mai, kuma tana ƙona fata da ido, don haka mai shafawa ya sa safar hannu da tabarau.

Sai zaɓen kaya. A Jidda kasuwar Sawarikh da ke kudancin gari ita ce matattarar kayan gida na hannu, a Riyad kuma akwai Haraj Bin Ƙasim, kuma a irin waɗannan wurare da hannu ake sayayya fiye da ido. Idan ka ga teburi ko kujera, ɗaga ta ka ji nauyinta, ka juya ta ka duba ƙasanta. Katako na gaske yana nuna zanen itace a gefensa, shi kuwa wanda aka matse daga garin katako gefensa yakan kumbura idan ya taɓa shan ruwa, kuma irin wannan ba ya gyaruwa ko an ba da shi kyauta. Ka haska fitilar waya cikin mahaɗar katakon da ramukan ƙusa, in ka ga ɗige-ɗige baƙi to alamar kuɗin cizo ce, in kuma ka ga gari mai laushi yana zuba to ƙwaro yana cin itacen daga ciki. Saboda wannan dalili ban ba da shawarar sayen katifa ko kujerar soso ta hannu ba, komai araharta. Teburin da ya tsallake wannan bincike sai a goge shi da takardar yashi mai lamba 120, a bi da mai lamba 220 har ya yi santsi a tafin hannu, sannan a shafa masa man katako siriri a goge rarar. Tsumman da aka shafa man da shi kada a dunƙule shi a jefa cikin shara, domin yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa, gara a baza shi a waje ya bushe tukuna.

Majalisi ne ɗakin da ya fi cancantar a daɗe a kansa, domin a gidajen ƙasar nan shi ne wurin karɓar baƙi, kuma shi mai duba gida yake fara shiga. Zaman ƙasa sananne ne ga Larabawa kamar yadda yake sananne gare mu, kuma yana da wata fa'ida da manyan kujeru ba su da ita, wato duk abin da ya yi ƙasa yana sa rufi ya ƙara nisa, ɗaki ya ƙara faɗi. A shimfiɗa babbar tabarma ta kaba ko ta ganyen dabino, irin wadda ake saƙawa a Ahsa, yankin da yake da bishiyoyin dabino sama da miliyan 2. Girman tabarmar shi ne abin lura, domin ƙaramar tabarma a tsakiyar babban ɗaki tana sa wurin ya zama kamar ba a gama shirya shi ba. A samo wadda za ta shiga ƙarƙashin shimfiɗun zama, ta bar kamar taki ɗaya na tayil a fili ta ɓangaren ƙofa. Sabuwar tabarma takan zo a naɗe, bakinta yana ɗagowa, maganin wannan kuwa shi ne a yayyafa mata ruwa kaɗan, a kife ta, a danne kusurwoyinta da abu mai nauyi ta kwana, washegari a shanya ta ta bushe sarai kafin a shigar da ita, domin tabarmar da aka shimfiɗa da danshi wari take yi.

A jera shimfiɗun zama a jikin bango biyu kawai, a bar sauran a sake. Rigar matasai ta zama ta yadi ɗaya mai launi natsattse, sai guda biyu ko uku masu zanen sadu na ja da baƙi da fari su ba wa ɗakin armashi. A tsakiya a ajiye gajeren teburin nan da aka goge, a ɗora masa tire da butar gahawa da 'yan ƙananan kofuna, a tsaya a nan. Na sha jin dillali yana ce wa mai gida, “Alhaji, a ƙara wani abu mana, ɗakin kamar babu kowa,” amsar da ta dace ita ce a bar wa mai haya wurin da zai hango nasa kayan.

Labule kuma ba ya buƙatar yadi mai tsada. Akoko ko alawayyo, wato farin yadin auduga da muka saba da shi, yana tace hasken rana ya shigo da taushi, ga shi yana rufe gida daga idon maƙwabta, abin da iyalai a nan suke ba muhimmanci ƙwarai. Sirrinsa yana cikin yalwa da tsawo: a sayi yadin da ya ninka faɗin taga sau 2, a wanke shi kafin a kai wa tela domin auduga tana tsukewa, a goge shi, a kafa sandar labulen santimita 10 zuwa 15 a saman taga, a bar shi ya sauko har ya kusa taɓa ƙasa. Tagar da take fuskantar yamma, inda ranar la'asar take dukanta, ita kaɗai ce take buƙatar shafi na biyu mai kauri. Ƙwan fitila kuma a duba kwalinsa, wanda aka rubuta 2700 zuwa 3000 K yana ba da haske mai ɗumi da yake fito da launin kaba da katako, mai 6500 K kuwa fari ne fat, ya fi dacewa da kicin, kuma kada a haɗa iri biyun a ɗaki ɗaya.

Adon bango a taƙaita shi. Faya-fayai uku ko biyar masu girma daban-daban, a rataye kusa da juna a bango ɗaya, tsakiyarsu tana daidai santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, sun isa falo duka. Tulu babba a kusurwa da busasshen reshen dabino a ciki yana cike gurbin da ake sa gilashin fure mai tsada, in kuma an zuba masa ruwa a sa faranti a ƙarƙashinsa domin tukunyar ƙasa tana tsatsafo. A kicin a share kan kanta, a bar akushi ko ƙwarya ɗaya da lemo ko dabino a ciki. A banɗaki farin tawul da sabon sabulu sun wadatar.

Buɗe zuciya ga kaya masu sauƙi ba yana nufin karɓar kowane tarkace ba. Tabarmar roba mai launi bakwai, da furen leda da ƙura ta hau, da faifan da bakinsa ya zare, duk suna rage wa gida daraja, domin abin da yake ɗaukaka kaba da laka shi ne a gan su cikin tsafta da ƙarko. Haka nan a yi la'akari da unguwa da kuɗin da ake nema. Sashen bene mai ɗaki uku da za a ba ƙaramin iyali haya yana iya tafiya da waɗannan kaya daga ƙofa har ƙurya, amma babban gida a arewacin Jidda, ta wajen Ubhur, yana buƙatar a haɗa su da abu ɗaya mai nauyi a kowane ɗaki, kamar kujera mai kyau ko gado ingantacce, ko da aro ko hayarsa za a yi na 'yan kwanaki, sai tabarma da tulu su zama abokan rakiya.

Ranar ɗaukar hoto ko zuwan mai dubawa, a wanke ragar na'urar sanyaya ɗaki, wadda a nan ake kira mukayyif, a kunna ta tun da wuri, domin wanda ya shigo daga zafin rana ya tarar da ɗaki a turnuƙe ba zai tsaya kallon ado ba. A buɗe tagogi da safe iska ta ratsa, a sa turaren wuta kaɗan kamar awa ɗaya kafin lokacin, kada ya yi yawa har mai shigowa ya yi zargin wani wari ake ɓoyewa. Hoto kuma a ɗauke shi da hantsi, labule a buɗe, mai ɗauka ya tsaya a bakin ƙofa ko a kusurwa, waya a daidai ƙirji kuma a miƙe, don kada bango ya fito a karkace.

Abu na ƙarshe shi ne a fayyace wa dillali da mai haya waɗanne kaya ne za su zauna a gidan, waɗanne kuma na nuni ne kawai. Idan gidan da kayansa za a bayar, a rubuta su ɗaya bayan ɗaya tare da hotunansu a lokacin da ake ƙulla yarjejeniya a dandalin Ejar, wanda a kansa ake rajistar haya a ƙasar nan. Idan kuma za a kwashe su, a faɗa tun a cikin tallan, sannan a naɗe tabarmin a ajiye su a tsaye a wuri busasshe, a sa faya-fayan cikin jakar yadi maimakon leda don kada su yi fumfuna kafin a sake buƙatarsu.